Kanyar da Aka Kewaye

Shekarar da aka mayar da Gusau babban birnin jiha, Baba ya samu aiki a sakatariya, muka kama haya a Sabon Gari. Ba a jima ba ya je Tsafe ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Ige, saboda ciwon ƙafa. Matar da ta saba fita gona tun asuba, sai ga ta a tsakar gidan siminti, ba abin kallo sai katanga.

Wata Juma'a Baba ya kai mu lambun shaƙatawa na cikin gari. Ban taɓa ganin itatuwa masu kyau haka ba. An jera su, an shafa wa gindinsu farar ƙasa, ganye kore shar, inuwa luf. Muka yi ta guje-guje. Inna kuwa ta zauna a benci, ta daɗe tana kallon wayar da aka zagaye wurin da ita.

Bayan magariba muka kewaye ta a bakin murhu. Ta ce tatsuniya ta zo, mu matso. Wai akwai wata kanya a daji da ke tattaki zuwa rafi ta sha ruwa, ta gaisa da tsamiya, ta zubar wa makiyaya 'ya'ya. Wani attajiri ya gan ta, ya ji tausayinta, ya ce rana da awaki za su kashe ta. Ya kai ta gidansa, ya yi mata shinge, ana ba ta ruwa safe da yamma. Ta yi kyau, mutane suna zuwa kallo. Amma ba ta ƙara yin 'ya'ya ba.

Muka tambaya sai me ya faru.

"Mi za ya faru, ɗiyana? Tana nan."

Muka yi ta ƙorafi cewa wannan ba tatsuniya ba ce. Ta gyara itacen wuta.

Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini Inna ta sha roƙon a mayar da ita gida. Baba ya ƙi, don asibiti yana Gusau. Ba mugunta ba ce, sonta yake. A gidan hayar nan ta rasu.

Bara Baba, wanda yanzu yake hannuna, ya ce in kai shi Tsafe ya ƙarasa kwanakinsa. Na ce hanya ba lafiya, kuma likitansa yana nan. Ya ce, "Haka na ce mata."