Kwalaben da ke Bayan Buhun Gawayi

Ranar sadakar ukun maigidana, bayan azahar, muna zaune da mata masu ta'aziyya a gidanmu na Omdurman sai muka ji tas daga ɗakin ajiya. Wata ta ce harbi ne. Na tashi na shiga, yayarsa ta biyo ni ta rufe ƙofa.

Kwalba ce ta fashe a bayan buhun gawayi, kumfa na bin ƙasa, ga wasu a jere. Warin ya cika ɗakin.

Na ce, "Maganin cikinsa ne, Yaya."

Ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, giya ce."

Shekara goma sha ɗaya ni nake jiƙa masa sha'ir in lulluɓe da buhu har ya tsiro, kamar yadda muke yi wa dawar hilu-mur, abin shan buɗa-baki, kafin azumi. Shi yake gasawa, ya dafa da wani ganye mai ɗaci. Kullum kafin ya tafi aiki a unguwar Alshajara sai ya shiga ya sassauta murafen kwalaben. Kwana uku ba wanda ya sassauta.

Yaya ta ce tun da aka tura shi Ingila koyon gyaran inji ya dawo da abin. Ya taɓa ba ni labarin ɗakin da ma'aikata ke zama bayan aiki, da abin sha mai launin shayi, ba sanyi ba zafi, wanda ɗacinsa ke zuwa daga baya. Ban tambayi sunansa ba.

A shekarun nan na mulkin sojoji bulala arba'in ake yi a kan haka. Shi ya wuce bulala. Sunansa ne ya rage, ga limamin unguwa a zaure.

Wata cikin masu ta'aziyyar ta ƙwanƙwasa. "Lafiya dai?"

"Tsimin kal mai tsamin nan na girki ne ya fashe, Hajiya," in ji ni. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan ma ya ba ni tsoro. Yaya ta zuba turaren wuta da yawa a kasko, muka kwance sauran ɗaya bayan ɗaya muka juye a makewayi. Ta ƙarshe na ɗaga ta wajen taga. Garau take, ba alamar gurɓata.

A lungu akwai sha'irin da na jiƙa masa ana jibi zai rasu. Ko da safen nan sai da na yayyafa masa ruwa. Na ɗaga buhun, ya yi tsiro fari tas. Na kwashe na kai wa awaki.