Na Faɗa wa Ƙudan Zumarka, Lanty

Ranar Talata, tara ga watan Mayu na shekarar 1826, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Lancelot Fearon na kwarin Eskdale, wanda kowa ke kira Lanty. Sanyi ne ya kama masa ƙirji, bayan ya hau tsauni cikin hadari don, a faɗarsa, ya ji tsawa daga kusa. To, Lanty, ka ji ta.

Tun gashinmu yana baƙi muke musu, ni da kai, a kan bencin da ke gefen amyoyin zumarka. Ku mawaƙan wannan zamani kun bar yabon sarakuna da mayaƙa, kun koma zubar da hawaye a gaban fure. Kai kuwa ka zarce sauran. A wurinka tsauni malami ne, tafki yana da kunne, iska tana da abin faɗa. Ni da ke koyar da yaran ƙauye ina ce maka dutse dutse ne.

"Malam Tyson," kakan ce, "ka haɗiye littafi dubu, ba ka taɓa karanta ganye ɗaya ba."

"Tumaki ke karanta ganye," nakan ce, "kuma sun fi ka ƙiba da shi."

Baitocinka ba su taɓa ɗora tukunya a gidanka ba, zuma ce ke yi. Duk da haka babu yaron da ya yi tari a kwarin nan bai sha zumarka kyauta ba. Shekarar da ƙanƙara ta binne tumakin maƙwabcinka, kai ka tona da hannu har yatsunka suka daskare. Ranar da na binne matata, na ji tsoron za ka zo mini da waƙa. Sai ka ja ni bakin kogi, muka yi ta tafiya, ba ka ce uffan ba. Ita ce waƙarka da na fi so.

Washegarin rasuwarka rana ta fito tas. Tsaunin da ya kashe ka yana ta ƙyalli, tsuntsaye na shagalinsu. Na ce a raina ai na ci musu, ga shi ko a jikinsu. Amma cin bai yi mini daɗi ba, kuma ban san dalili ba.

Ina cikin wannan sai Dinah, matarka, ta miƙo mini mabuɗin gida da baƙin ƙyalle.

"Yaya Tyson, je ka faɗa musu."

"Su wa?"

"Ƙudan zuma mana. In aka fita da gawa ba a sanar da su ba, tashi za su yi. In sun tashi, me ni da 'yarmu Peggy za mu ci? Baiti?"

"Dinah, ni fa ban yarda da..."

"Ba yardarka nake nema ba, muryarka. Sun saba da ita. Wa ya kai ka surutu a kansu?"

Haka na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ni mai cewa dutse dutse ne, na ƙwanƙwasa kowace amya da mabuɗi, na ɗaura ƙyalle, na ce, "Maigidanku ya rasu. Ku yi haƙuri ku zauna da Dinah." A amya ta ƙarshe gunjinsu ya ɗauke ɗif. Na riƙe numfashi. Can sai ya dawo, a hankali, ƙasa-ƙasa. Na san littattafai za su ce bugun ne ya firgita su. Na sani sarai. Amma hulata tana hannuna, ban kuma tuna lokacin da na cire ta ba.

"Sun karɓa?" in ji Dinah daga ƙofa.

"Ban sani ba. Mai jin yarensu yana kwance a ciki."

Yau ana cikin watan da ƙudan zuma ke ƙaura, naka kuwa ba su tashi ba. Ko don sun ji ni ne, ko don furen kwarin ya ishe su, ba ka nan balle mu yi musu.

Allah Ya jiƙanka, Lanty, Ya yafe maka kurakuranka, har da na awon baiti. Ya ba Dinah da 'yarka Peggy haƙuri, Ya zaunar musu da ƙudansu, Ya sanyaya zukatan mutanen Eskdale baki ɗaya.

Gobe zan hau tsaunin in faɗa masa shi ma. Ban dai san ko gaisuwar mutuwa zan yi masa ba, ko faɗa.