Gaisuwar Tsallaken Titi

Shekara ashirin da shida Mai Aski ya yi a shagon nan mai kujera ɗaya da madubi ɗaya, shekara ashirin da shida kuma Mai Agogo yana tsallaken titi da teburinsa na gilashi a ƙarƙashin laima. Titin ba ya barin a ji maganar kowa saboda motoci, don haka gaisuwarsu ta hannu ce. Kullum da safe Mai Agogo zai ɗaga ɗan tabaron da yake duba cikin agogo da shi, Mai Aski ya ɗaga makullinsa. Idan suka haɗu kuwa sai tsiya. Wannan ya ce wancan yana gyara agogo amma bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, wancan ya ce wannan ne ya jawo wa rabin unguwa sanƙo. Tun da matar Mai Aski ta rasu, 'yarsa kuma aure ya kai ta nesa, hannun nan ne mutum na farko da yake gaishe shi a duniya.

Sai babur ya kwashe Mai Aski wata rana, ya bugu a ƙeya. Ya tashi lafiya, ƙafa na tafiya, hannu ba ya rawa, amma ganin hagu ya tafi. Likita ta ce idanunsa garau suke, a ƙwaƙwalwa ne hanyar ta yanke. Kuma ba duhu yake gani ba, da ma duhu ne da ya san akwai abin da ya ɓuya. Duniyar ce kawai take ƙarewa daidai karan hancinsa. Ya cinye rabin faranti ya zaci ya gama. Kafaɗarsa ta hagu ta san kowace ƙofa ta gidan.

Likitar ta koya masa ya riƙa waiga kai hagu kamar mai tsallaka hanya, ta ce kuma ya gaya wa mutane. Na farkon ya ɗauka, na biyun ya bar mata kayanta. Wa zai miƙa kansa ga mai askin da ba ya ganin rabin kai? Sai ya shiga dabara. Ya manna jan salatif a gefen hagu na madubi, ba ya ajiye injin aski sai ya waiga ya ga jan nan. Almakashi, reza da buroshi duk suka koma dama. Ya riƙa juya kujera maimakon ya zagaya ta, tafin hannunsa na hagu kuma kullum yana bisa kan wanda yake yi wa askin, yana laluben inda gashi ya rage. Askinsa har ya fi na da kyau, mutane suna cewa hatsarin ya ƙara masa natsuwa.

A titi ne ba ya waige. Tsoro yake kada a ga yana wurga kai a gane. Yana bin jikin shaguna, idonsa a gaba, tsallaken titi yana hagunsa. Da yamma kuma kafin ya rufe, Mai Agogo ya riga ya tashi. To ga inda wautar take, kuma Allah ya sani ba shi kaɗai zai yi ta ba: da ya daina ganin hannun nan, sai ya ɗauka an daina ɗaga masa. Abin ya ci shi ƙwarai. Ya ce a ransa, wato mutum ya kwanta asibiti a zo duba shi sau biyu, shi ke nan an sauke nauyi.

Wata huɗu ana haka, sai wani direba yana kan kujera ya ce masa ai Mai Agogo yana ta cigiyar laifin da ya yi, wai kullum sai ya ɗaga hannu, a wuce shi kamar turken lantarki. Abin yi a fili yake, taku ashirin ne. Amma Mai Agogo ba ya iya riƙe magana, in ya ji sirrin da safe, kafin rana ta take unguwa ta ji. Sai Mai Aski ya sake wata dabarar. Kullum in ya zo daidai wurin, sai ya ɗaga makulli sama, ya yi murmushi, bai waiga ba. Ya ji sanyi a ransa, ya ce an gyara.

Wata biyu yana yi. Ranar da kewar tsiyarsu ta ishe shi, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya tsaya bakin titi, ya waiga hagu sosai yadda likita ta koya masa, ya tsallaka.

Babu tebur, babu laima, sai sarƙar da ake ɗaure su a jikin ƙarfe. Matar da ke sayar da katin waya a gefe ta ce ai idon Mai Agogo ya gaza, ɗansa ya zo ya tafi da shi garin da yake aiki, yau wata biyu da 'yan kwanaki.

"Ranar da zai tafi ya daɗe a tsaye yana ɗaga maka hannu, Baba," in ji ta. "Ɗan ya ce ya tsallaka, ya ce a'a, ba ya kai kansa inda ba a son ganinsa. Ni kuwa da na ga ka fara ɗago hannu daga baya, na zaci ni kake gaisarwa."

"Ba na ganin hagu, 'yata," ya ce. "Tun hatsarin."

Ita ce ta fara ji daga bakinsa. Ta ce ayya, ta ce ba ta da lambar ɗan.

Washegari ya sauya hanya. Yanzu yakan zagaya ta bayan layi ya ɓullo ta ɗaya ƙarshen titin, don tsallaken ya kasance a damansa. Tafiyar ta ƙaru da minti goma. Ba abin da yake wuce masa a gefen nan yanzu, yana ganin ƙarfen da sarƙar tar, kowace safiya.