Ƙafata Ta Daina Jin Birki

Sana'ata gyaran injin jirgin ruwa ce, da rani kuma injin ban ruwa. Ina da 'yar rumfa a Yelwa kusa da kwatar jiragen ruwa, amma rumfar suna ce kawai, don yawancin aikina yana can inda injin ya mutu. Masunci ba zai ciccibo inji daga bakin tafki ya kawo gari ba in yana da wanda zai zo ya same shi. Shi ya sa tun gemuna yana baƙi nake kan mashin, akwatin sifanu da sauran kayan aiki ɗaure a baya da roba, daga ƙauyukan Shanga har can ƙasa wajen Wara. Na san inda yashi yake cin taya, na san kwarin da ba a shigarsa in an kwana ana ruwa. Akwai garuruwan da har yau ba su san sunana ba, mai jan mashin kawai suke ce mini.

A wannan yawo na yi aboki. Bagunge ne, irin mutanen tsibiran kogi, masunci, a wata 'yar tunga ta bakin ruwa a ƙasar Ngaski. Ya girme ni kaɗan. Ranar da muka fara haɗuwa faɗa muka yi, don na ce shi ya kashe injinsa da gurɓataccen mai, shi kuma ya ce ni ne ban iya aiki ba. Da injin ya tashi sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa matarsa ta dafa mana tarwaɗa. Daga ranar ban ƙara bi ta wannan yanki ban ratse wurinsa ba, da aiki ko babu. Yana ce mini Makaniki, ina ce masa Ɗan Ruwa. Shi ya raka ni kai Innata makwancinta, ni na tsaya masa a auren 'ya'yansa. Daga babban titi zuwa tungarsu hanyar ƙafa ce mai ratsa gonaki da fadamu, mota ba ta shiga. Mashin ne ya riƙe mana zumuncin nan shekara talatin da wani abu.

Ciwon suga ya daɗe a jikina kafin ya taɓa ƙafafuna. Da farko ji nake kamar ina taka auduga. Daga baya sai ya zama kamar ƙafar wani aka ara mini. Wata rana na isa wani ƙauye, na sauka, sai na ga mutane suna kallon ƙasa suna dariya. Na duba, ashe takalmina na dama ya faɗi a hanya ban sani ba, babban yatsana kuma ya gurje yana jini. Na taya su dariya. Amma da na sunkuya kan injin da aka kira ni dominsa, sai na riƙa satar kallon yatsan.

Uwar yara ce ta matsa sai mun je asibiti. Likitan ya sa na kwanta na rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafata da wani ɗan tsinke yana tambaya ko na ji. Na yi ta jira ya fara. Ashe har ya gama.

"Baba, wane aiki kake yi?" ya ce.

Na gaya masa. Sai ya ce mutumin da ba ya jin takalminsa ba zai ji birki ba, gara in ajiye mashin. Na ce to, Allah ya saka. Muka fito, na buga mashin, uwar yara ta hau bayana. Muka kama hanyar gida. Na dai ji yadda ta damƙe rigata, ita da ta saba zama tana ba ni labari ko riƙe ni ba ta yi.

Ban ajiye ba. Na ce a raina likita bai san ni ba, bai san cewa ko ido rufe zan iya kai kaina Shanga. Na koma sa takalmi mai igiya, na riƙa ɗan leƙa ƙafata kafin in taka birki. Na yi wata da watanni a haka, ba abin da ya faru, har na fara ganin na fi ƙarfin maganar.

Bayan girbin shinkafa aka yi haihuwa a gidan ƙanwar uwar yara a wani ƙauyen Shanga, muka tafi suna. Ta sha ado, ta ɗauko kwanon turmin atamfa da sabulu a cinya. Akwai wata gangara kafin a shiga garin, ƙasanta yashi ne. Muna saukowa sai ga shanu sun ɓullo daga cikin karan gero suna tsallaka hanya. Da nisa tsakaninmu, ko sabon koyo zai tsaya lafiya. Na taka birki. Mashin bai rage ba. Na ƙara takawa da ƙarfi, na leƙa, sai na ga ƙafata a gefe take danna iska. Na damƙe birkin hannu, tayar gaba ta nutse a yashi, muka kife.

Ni ban ji komai ba sai ƙurjewa a gwiwa. Na miƙe na nufe ta. Tana zaune a ƙasa, ɗankwalinta ya faɗi, sabulai sun watse, ta tallabe hannunta na dama da na hagu. Tsintsiyar hannun ta karkace. Abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, ka ji ciwo?"

Bafulatanin da ke bayan shanun ne ya taya ni ɗaga mashin. Ba mu ci suna ba. A mota aka dawo da ita.

An yi ɗori, ya kama, amma ta daɗe ba ta iya tuƙa tuwo ba, ko zani sai an ɗaura mata. Matar da tun da na aure ta ban taɓa ganin wani ya ɗebo mata ruwan alwala ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce shanu ne suka tare mu, tsautsayi ne. Ko sau ɗaya ba ta ambaci ƙafata ba. Na fi son da ta zage ni.

Babbar ɗiyarmu ta baro gidan mijinta a Birnin Yauri ta zo jinya. Wata safiya ta same ni a zaure ina goge mashin, ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta tashi ba.

"Baba, don Allah don Annabi ka bar hawa wanga abu."

Na ce mata in na bari wa zai riƙa kai ni wurin aiki.

"A kawo maka aikin rumfa. Waɗanda ka koya wa su je daji."

"To, sai ku saya mini tabarma in kwanta in jira mutuwa."

Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba kan hijabinta. Ta ce, "Inna ba za ta faɗa maka ba, shi ya sa ni faɗa. Da ka hita, ba ta iya cin abinci sai ta ji ƙarar mashin ɗinka bakin ƙohwa."

Na miƙe. Na tura mashin waje na hau. Ba aiki nake da shi ba, wurin abokina na nufa, don na san shi kaɗai zai goyi bayana.

Shi a lokacin ya shekara biyu da shanyewar ɓarin jiki. Kullum 'ya'yansa kan fito da shi gindin wata tsamiya mai kallon ruwa. Kwalekwalensa yana kife a gefe, kaji suna kwana a ƙarƙashi. Bakinsa ya ɗan karkace, sai ka saba da shi kake gane maganarsa. Na same shi a nan. Muka gaisa, na zauna a kan turmi, na fara ba shi labari ina ƙara gishiri: yara sun taso suna so su mai da ni tsoho, likita ya ce kaza, ɗiya ta ce kaza. Ina jira ya yi dariyar nan tasa. Bai yi ba. Ashe labarin faɗuwarmu ya riga ni zuwa.

"Makaniki, ɗaga ƙahwarka in gani."

Na ɗora masa ita a kan tabarma. Ya sa hannunsa mai lafiya ya mintsini babban yatsana. Ina kallon farcensa yana shiga nama, ban ji komai ba. Ya saki.

"Ka ga ruwan can?" ya ce. "Kullum shina kirana. Da asuba in na ji yara suna tura jirgi, kuka nikai, ba na ɓoye maka. Amma ni ba a tambaye ni ba, dare ɗaya aka sauke ni. Kai an ba ka dama ka sauka da kanka."

Na ce, "In na sauka, wa zai zo ya riƙa damunka?"

"Ba kowa."

Na juya na kalli ruwa. Can nesa wani jirgi yana wucewa, na ji injinsa yana tari, a raina na ce filogi ne.

"Kada ka ƙara zo mini bisa wanga mashin," ya ce. "In ka zo, zan ce a maida ni ɗaki, ba za ka gan ni ba. Na rantse."

Na san shi, in ya rantse ya gama. Na ce ashe korata yake yi. Ya ce i. Sai ya kama hannuna ya riƙe, ya ƙi saki har aka kira la'asar.

Tafiyar komawa gida ita ce ta ƙarshe. Ban wuce giya ta biyu ba har na fita titi. Mata masu ɗauke da itace suna gaishe ni, ina amsawa da kai. A fadama ana ta banka wa tattakar shinkafa wuta. Na tsaya a wata gada na daɗe ina kallon ruwa, injin yana aiki a ƙarƙashina, ban kashe ba. Da na iso gida na shigar da mashin zaure, na kwance akwatin sifanu daga baya. Robar da nake ɗaurewa da ita ta ci ƙarfen har ta yi masa gurbi. Uwar yara tana tsakar gida, hannunta rataye a wuya. Na miƙa mata makulli. Ta kalle shi, ta kalle ni, sai ta fashe da kuka. Na ɗauka za ta yi murna.

Na roƙi surukina ya kai mashin can nesa ya sayar, inda ba zan gan shi yana wucewa ƙarƙashin wani ba.

Bayan nan sau ɗaya na ga abokina. Na shiga mota zuwa mararraba, na hau bayan ɗan kabu-kabu. Mutumin yana ta faɗawa ramukan da na san wurinsu tun kafin a haife shi, ina baya na dafe gwiwa ina cije baki. Da muka isa ya ce ba zai jira da yawa ba, in kuma ya tafi ba zan sami na komawa ba. Ko ruwan da aka kawo mini ban gama sha ba ya fara danna oda. Abokina ya ce, "Ka ga yanzu ka zama babban mutum, har da direba." Wannan karon ya yi dariya. Na ce masa bayan damina zan zo in kwana biyu.

Mun gwada waya, ba ta yi ba. Sai ɗansa ya hau tudu kafin a sami sabis, shi kuwa ba ya hawa tudu. Ko an yi sa'a ta shiga, ba na gane maganarsa in ba ina kallon bakinsa ba. Sai dai gaisuwa ta bakin masu kawo bandar kifi kasuwa.

Ruwa ya yi yawa a daminar, fadamu suka cika, hanyar ta yanke. Wata Laraba da hantsi ina rumfa ina wanke kafireton wani inji ɗansa ya kira ni. Ya ce Allah ya yi wa Baba rasuwa, har sun dawo daga maƙabarta.

Na bi jirgin 'yan kasuwa na je ta'aziyya. Na zauna da maza a ƙofar gida, maƙwabtansu Kiristoci ma suna nan an cika tabarmi. Da yamma ta yi matarsa ta aiko a shigo da ni. Ta tsufa ƙwarai a 'yan watannin nan. Na yi mata gaisuwa, sannan na kasa haƙuri na tambaye ta ko faɗuwa ya yi farat ɗaya. Ta ce a'a, ya yi kwanaki yana jinya, ya san tafiya zai yi, har ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

"To, mi ya hana a gaya mini?"

Ta goge ido da bakin mayafi. "Shi ya hana. Yara sun so su kira ka. Ya ce in kuka gaya wa Makaniki, hanya ta lalace, ba ɗan kabu-kabun da zai yarda ya kawo shi. Zai ari mashin wani ya hau da kansa."

Ya san ni sarai. Da an gaya mini, da na ara.

Ɗansa ya raka ni kabarin. Ƙasar ba ta gama bushewa ba, an jera ƙaya a kai saboda dabbobi. Na durƙusa na yi masa addu'a, da na zo tashi ƙafafun suka ƙi, sai da aka kama ni.

Yanzu a rumfa nake wuni. Wanda ya iya ɗauko injinsa ya kawo, in duba masa. Ba su da yawa, don masu zuwa daji sun kwashe aikin, kuma daidai ne. Da yamma nakan taka a hankali zuwa gida da sandata, ina kallon ƙasa don in ga inda nake sa ƙafa. Hannun uwar yara yana mata tsami in sanyi ya shigo. Nakan ɗumama man kaɗanya in shafa mata, ita tana ba ni labarin unguwa, ni ina ji.