Kitson Ƙarƙashin Hular Kwano

Yayata mai kitso ce. Tun ina ƙarama nake ganinta kan 'yar kujerarta a bakin ƙofa, kan wata a tsakanin gwiwoyinta, kibiyar tsaga a baki. Ba ta da yawan magana, ni na kwashe rabonta. 'Yarta ɗaya ce, soja, kuma duk gidan Kofur muke ce mata tun kafin ta samu igiyar muƙamin.

Wani hutu Kofur ta dawo, ta zauna a tsefe mata kai. Yaya ta fara, sai ta tsaya. Layukan kitson duk sun yi ja, ga wani tabo a goshi.

"Me ya ci miki kai haka?"

"Hular kwano ce, Umma. Da dare ana maƙala mata madubin gani cikin duhu a gaba. Nauyinsa sai ya rinjayo hular kan goshi. In na ɗaure igiyar hular tam, soson ciki ya danne kitson, in ji kamar ana buga mini ƙusa."

"To ya kike yi?"

"In abin ya ishe ni, nakan cire ta in ɗan huta."

"A inda ake harbi?"

Ni kuwa na hau faɗa, na ce Kofur ta aske kan mana kowa ya huta. Ta ce ta gwada: hular ta riƙa santsi cikin gumi, madubin yana kauce wa idonta. Yaya ba ta ce komai ba sai, "Ki roƙa su ba ki aron hular."

Aka ba ta, amma ban da madubin. Yaya ta jera kwaɗunan ƙofa, ta sa Kofur ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har ta ce wannan ne nauyinsa, sannan ta ɗaure shi a gaban hular. Saura kan gwaji. Kan Kofur ciwo yake, don haka ni, mai dogon baki, na zama zakaran gwajin dafi.

Abin da na gani a kwanakin nan har yau yana ba ni mamaki. Takan shafa hoda a jikin soson, ta kifa mini hular, ta cire, ta bi farin da ya zauna a gashina da yatsa. Inda hoda ta taɓa, nan ba za ta bi da kitso ba. Sai ta ratsa layukan ta tsakanin soso da soso, sirara, a kwance, ta tattara jelar duka a ƙeya, daidai inda igiyar baya za ta zauna a kai ta riƙe hular kada ta zamo gaba. Da hular nake wanki, da ita nake shara, kwaɗo yana lilo a goshina, maƙwabta suna sara mini. Da na ce "nan", sai ta tsefe ta sake. Na yi ƙorafi har na gaji. Wata rana na gama girki, na miƙa hannu zan gyara ɗankwali, na ji ƙarfe, ashe hular na kaina.

Washegari Yaya ta yi wa Kofur irin wannan kitson, ta kuma koya mata yadda za ta nuna wa abokan aikinta.

Bayan wasu watanni muka ji an kai musu hari. Gidan ya yi tsit, har ni. Da aka sallamo Kofur daga asibiti, wuyanta a sanƙare, ta shigo da hular a hannu, sun bar mata ita. A gefen hagu akwai wani rami mai tsawon yatsa, inda ɓaraguzan ƙarfe suka daka.

Na ce, "Allah Ya so ki, ba ki cire ba."

Ta ce, "Wallahi Inna, mantawa na yi tana kaina."

Yaya ta karɓi hular, ta bi ramin da babban yatsanta tun daga farkonsa har ƙarshe, ta ajiye ta a hankali. Ta jawo kujerarta.

"Zauna, kitson nan ya tsufa."

Tunda nake ban taɓa ganin kitso ya gagare ta ba. Ranar kibiyar ta ƙi tsayuwa a yatsunta, ni na yi tsifar.