Yadda Na Gane Motar Yayana da Ruwan Buta

Shekaru sun ja, furfura ta fara shigo mini gemu, amma akwai yini guda da ko na so ba zai fita daga raina ba. Shi ne ranar da na tsaya a bakin wani rafi cikin daji da buta a hannu, ina zuba wa mota ruwa, ban san abin da zan roƙi Allah ba.

Sana'ata wankin mota ce. Ina da rumfa kusa da tasha a Bukkuyum, kuma a gefe ina sayar da sabulu da tsumma da irin man nan na gwangwani da ake fesa wa jikin mota don fenti ya yi sheƙi, rana kuma kada ta ci shi. Yayana direba ne, yana jan wata farar bas tsakanin Gummi da Anka. Shi ya riƙe gidanmu tun bayan rasuwar Baba. Mutum ne mai son motarsa fiye da kima. In fasinja ya jingina buhu a jikinta ba ya faɗa, sai dai ya zo da kansa ya ɗauke ya ajiye a ƙasa.

A bazarar waccan shekara aka kawo mini man feshi iri biyu. Ɗaya a jan gwangwani yake, yana da maiƙo, da ka fesa ka goge sai mota ta ɗauki ƙyalli har ka ga fuskarka a jikin ƙofa. Ɗayan a baƙin gwangwani yake, kuma yana da wuyar sha'ani. Sai an wanke mota tas ta bushe, a kai ta inuwa, a fesa kaɗan-kaɗan ana murzawa, sannan ta wuni ba ta ga ruwa ba. Bayan duk wannan wahala ma sheƙinsa bai kai na jan ba. Ni dai jan nake yabo, don shi direbobi ke so, suna gani da idonsu nan take. Yaya ya juya gwangwanayen biyu a hannunsa, ya sansana kowanne.

"Wanga jan na masu shirin sayar da mota ne," in ji shi. "Ruwan farko zai tafi da shi. Baƙin shi ne mai ƙarko."

Na ce, "Yaya, ai kai ma ba ka gwada ba."

"To mu gwada. Ga mota, ga damina tafe."

Haka muka yi. Muka ja salatif daga saman gaban motar zuwa ƙasa, daidai tsakiya, muka yi haka a ƙofar baya. Gefen direba muka fesa baƙin, gefen fasinja muka fesa jan. Muka yi alkawari ba mai ƙara fesa komai sai kaka ta yi, a lokacin za a san wanda ya fi wani gaskiya. Direbobin tasha suka yi ta dariya, suna cewa motar Yaya ta zama mai fuska biyu, don da gaske gefena ya fi ɗaukar ido.

Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta rumfata. In na gama wanki sai ya karɓi buta ya zuba ruwa a kan layin nan. Da farko duk gefe biyun ruwan kan dunƙule ya gangara kamar ƙwayoyin carbi. Da aka yi ruwan sama 'yan lokuta, sai gefena ya fara riƙe ƙura, ruwan ya daina dunƙulewa sosai. Yaya ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Ban ce komai ba. Sai kaka." Ban san cewa wannan ce gardamarmu ta ƙarshe ba.

Gero bai kai gwiwa ba aka tare hanya da rana tsaka, aka shiga daji da shi da motar da fasinjojinsa. Fasinjojin sun dawo daga baya, ɗaya bayan ɗaya, a rame. Duk wanda na je wurinsa magana ɗaya ce: tun ranar farko aka raba su da direba, aka sa shi ya ja motar ya yi gaba, ba su sake ganinsa ba. Ba wanda ya kira mu. Ba wanda ya aiko da saƙo.

Wanda bai shiga irin wannan hali ba ba zai gane shi ba. Ba a yi mana rasuwa ba, balle a zo mana gaisuwa. Matar Yaya ba ta san ko ta shiga takaba ba ko ta ci gaba da jira. Inna kullum sai ta sa a zuba tuwonsa a rufe, da safe a bai wa yara ɗumame. In mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta daina abin da take yi ta kasa kunne. Haka muka ƙare damina.

An fara yankan gero wani dattijo makiyayi daga wajen Gwashi ya zo tasha yana neman shugabannin direbobi. Ya ce tun farkon damina ya ci karo da wata farar bas da ta kafe a bakin rafi, kuma kusa da ita akwai gawar mutum da ta kwana biyu. Shi da ƙaninsa suka yi masa sutura gwargwadon hali, suka sallace shi, suka rufe shi a gindin wata kanya. Washegari tsoro ya sa suka kora shanunsu suka bar yankin, sai yanzu ya dawo. Da aka tambaye shi kamannin mamacin, ya ce dogo ne, baƙi, ba abin da ya iya ganewa bayan wannan.

Matsalar ita ce ba motar Yaya kaɗai ta ɓace a wannan damina ba. Akwai wani dattijo daga Gummi da ɗansa ya ɓace da irin motar sak, fara, a kan hanyar nan, kuma shi ma ɗan nasa dogo ne, baƙi. Aka aika masa ya zo. Bayan an sanar da hukuma an sami izini, muka hau babura mu da makiyayin da wasu mutum kaɗan. Da muka tsaya shan ruwa a hanya, dattijon Gummi ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Mun iske motar ta karkace cikin busasshiyar laka. An cire lamba, an kwashe tayoyi da kujeru da batir, ba takarda ko ɗaya a ciki. Ciyawa ta fito ta tagogi. Jikinta duk laka ne da kashin tsuntsaye, ba za ka ce fara ce ba. Dattijon Gummi ya zagaya ta, ya shafa nan, ya leƙa can, sannan ya tsaya ya sauke hannuwansa.

"Ɗana," ya ce da ni, "wallahi ban iya cewa ita ce, ban iya cewa ba ita ba ce. Kai fa?"

Na ce, "Baba, akwai abin da zan gwada."

Na ari butar makiyayin na ɗebo ruwa a rafin. Na tuɓe rigata ta ciki na jiƙa, na fara wanke gaban motar a hankali, kamar yadda nake yi a rumfata. In ruwan ya nuna ita ce, Yaya ne a gindin kanyar. In bai nuna ba, zan koma gida in ce wa Inna ta ci gaba da rufe tuwo. Har yau ban san wanne na fi tsoro a lokacin ba.

Da fentin ya fito na sake ciko butar, na yi bisimilla, na zuba a tsakiya. A gefen fasinja ruwan ya shimfiɗu ya manne, fentin ya dushe ya yi kamar alli. A gefen direba kuwa ya dunƙule, ba kamar da ba, amma ya dunƙule ya gangara. Tsakaninsu ga layi miƙaƙƙe daga sama har ƙasa, inda muka ja salatif ni da shi. Na zagaya ƙofar baya na sake yi. Haka nan.

Na zauna a kan lakar. Abin da ya fara zo mini a rai, Allah ya sani, shi ne Yaya ya ci gardama, kuma ga kaka ta yi, ba wanda zan gaya wa. Daga nan hawaye suka zo.

Makiyayin ya kama hannuna ya kai ni gindin kanyar. Ya jera duwatsu a kan kabarin, ya lulluɓe da ƙaya saboda namun daji. Na ce, "Baffa, da me zan saka maka?" Ya ce, "Musulmi munka gani, munka rufe shi. Ba wani abu." Muka durƙusa muka yi addu'a.

Da muka shafa, dattijon Gummi ne ya fara yi mini gaisuwa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ka gode wa Allah, ɗana. Kai yau ka san inda naka yake." Ya juya ya nufi wurin babura, yana tafiya a hankali. A nan na gane cewa cikinmu biyu, ni da aka tabbatar wa da mutuwa ni ne zan koma gida da wani abu a hannu. Shi zai koma ya tarar da matarsa a bakin ƙofa, ba shi da abin ce mata.

Da na isa gida Inna na zaune a kan tabarma tana gyaran wake. Ta dubi fuskata, ta ture farantin gefe. Na ba ta labari tun daga farko har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Da na gama ta yi salati, ta tambaye ni abu guda: "An yi masa salla?" Na ce an yi. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta ce a shimfiɗa tabarmi a zaure, a gaya wa mutane. Washegari gidanmu ya cika da masu gaisuwa, kuma duk da kukan da ake yi, rabon da gidan ya sami natsuwa irin ta wannan rana tun farkon damina.

Na ci gaba da ziyartar dattijon nan duk lokacin da na shiga Gummi, har Allah ya karɓi ransa. Bai taɓa samun labarin ɗansa ba.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, a cikin musiba ma akwai rahamar da mutum ba ya gane ta sai ya ga wanda aka hana. Sanin kabarin naka rahama ce, samun wanda zai sallace shi a daji ba tare da ya san ko ɗan waye ba rahama ce. Tun daga lokacin, in na ji an ce wani gida suna jiran wanda ya ɓace, ba na jira sai an ce an yi rasuwa kafin in je. Ina zuwa in zauna da su tun suna cikin jiran, don na san a lokacin ne suka fi bukatar mutane.