Hannun Daman Mato

Mato ɗan unguwarmu ne a Gadarif, jikan Hausawan da suka taso aikin hajji suka yada zango a nan. Tun yana saurayi ya ƙware a tuƙin tarakta, har masu manyan gonakin dawa na wajen garin Doka suna rububinsa. Idan damina ta faɗi mai gona ba ya son inji ya tsaya, shi ya sa wani abokin aikinsa ya fara ba shi ƙwayar hana barci. Damina ta wuce, Mato bai bar ƙwaya ba, har ya ƙara da araki, giyar dabino da ake dafawa a ɓoye. 'Yan sandan Nizamul Am, masu kula da ɗa'a, suka kama shi a buge, aka yi masa bulala arba'in a harabar kotu. Bayansa bai gama warkewa ba ya koma. Masu gonaki suka daina nemansa.

Wata Juma'a, jama'a suna masallaci, jikinsa yana rawa don rashin ƙwaya, ya ɓalle kwaɗon wani sito a kasuwar amfanin gona ya hau jan buhunan riɗi. Mai gadin, Baba Sharu, aminin marigayi mahaifinsa ne, ciwon ƙafa ya hana shi zuwa salla. Tsohon ya riƙo rigar Mato yana kiran sunansa. Mato ya juya ya maka masa ƙarfe a ka. Bai fita kasuwar ba aka cafke shi.

A wancan zamanin kowa ya san wanda ya fasa wuri a kulle hannunsa ne a bakin wuƙa. Ranar shari'a yayarsa Hanatu, mai tuyar kisra, siririyar wainar dawa, ta zauna a baya, ta kasa ɗauke ido daga hannun damansa.

Aka shigo da Sharu, kansa a naɗe. Alƙali ya tambaye shi ko siton a kulle yake. Tsohon ya ce:

"A buɗe na bar shi, Maulana."

Mai sito ya miƙe yana ɗaga karyayyen kwaɗo. Alƙali ya tuna wa Sharu cewa a kan rantsuwa yake. Sharu ya ce kwaɗon ya daɗe da lalacewa. Alƙali ya juya takardu. Daga ƙarshe ya ce akwai shubuha, ba za a yanke hannu ba, ya ɗaure Mato shekara biyar.

A makon aka kori Sharu daga aiki, kuma har ya rasu bai yarda an ambaci Mato a gabansa ba. Yanzu Mato ya fito, yana facin taya a garin Hawata. Hanatu ta ce ya bar ƙwaya, amma wasu direbobi suna cewa har yau suna jin warin araki a bakinsa.